Kore ko Shuɗi: Wanne Ya Dace da Tambarin Sana'arka?

Mafi yawan masu zuwa shagona don in zana musu tambari ko allon ƙofar shago, da launinsu a baki suke tahowa tun daga gida. In ba su ce kore ba, za su ce shuɗi. Ja da rawaya an fi ɗaukar su a matsayin na ƙari, a ɗan ɗiga a gefe don ido ya tsaya. Kwanakin baya wata Hajiya mai haɗa yaji da garin kunu ta zo da 'yarta, suna son sitikar da za a manna a roba da leda. Uwar ta kafe a kan kore, 'yar ta ce shuɗi ne na zamani. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai Hajiya ta juyo ta ce, "Malam, kai ka san aikin nan, raba mu." A makon kuma wani matashi mai shirin buɗe shagon gyaran waya da cirar kuɗi ya zo da tambaya iri ɗaya. Amsar da na ba su ba ɗaya ba ce, kuma dalilin bambancin shi ne abin da nake so in shimfiɗa a nan, domin wanda zai biya kuɗin bugu ya san abin da yake saye.

Akwai wani abu a harshenmu da ya kamata a fara lura da shi. Fari da baƙi da ja sun cika maganarmu ta yau da kullum: farin jini, baƙin ciki, jan aiki, jan hali, farar aniya, baƙar magana. Kore da shuɗi kuwa ba su da wannan kaya a harshe. Ma'anarsu ba daga karin magana take zuwa ba, daga abin da ido ya saba gani take zuwa: tuta, masallaci, gona, marina, kantin magani, kakin ma'aikata. Saboda haka jadawalin nan da ke yawo a intanet, mai cewa wannan launi yana nufin amana, wancan yana nufin kuzari, ba zai yi maka alƙalanci a Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi ba. Abin da mai sayenka ya tashi yana gani shi zai yi alƙalancin.

Kore na da ƙarfi a wurinmu, kuma ƙarfinsa na farko daga addini yake. Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da korayen alharini, a Suratul Kahfi aya ta 31 da Suratul Insan aya ta 21. Ƙubbar da ke kan makwancin Annabi (SAW) a Madina an shafa mata koren fenti ne a 1837, zamanin Sarki Mahmud na Biyu na daular Turkawa, kuma tun daga nan hotonta ya shiga kalanda da bangon ɗakuna a ko'ina Musulmi suke. Tutar Saudiyya koriya ce ɗauke da kalmar shahada. Ƙarfinsa na biyu daga ƙasa yake. Tutar Najeriya, wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya zana yana ɗalibi a Landan a 1959, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960, korenta na nufin noma da albarkar ƙasa. A tutar Nijar ma koren da ke ƙasa yana nuna yankin kudu mai dausayi. Ga kuma abin da ba sai an faɗa wa Bahaushe ba: bayan wata bakwai na rani da ƙura, ranar da gari ya yi kore shar rana ce ta sauƙi a zuciya. Launin damina ne, launin ƙoshi.

To duk wannan alheri shi ne kuma nauyinsa. Wanda ya lulluɓe kayansa da kore, musamman in ya haɗa da jinjirin wata ko rubutu mai kama da Larabci, ya yi wa mai saye alkawarin da bai furta ba: kayan nan halal ne, tsarkakakke ne, ba algus. In kayan sun cika alkawarin, madalla. In ba su cika ba, fushin mai saye ya fi na wanda aka sayar wa kaya maras kyau a leda fara, domin yana jin da rigar addini aka yaudare shi. Akwai kuma batun inda leda take ƙarewa. Sitikar roba da ledar yaji a kwata da bola suke kwana. A 1994, lokacin gasar cin kofin duniya, kamfanin McDonald's ya buga tutocin ƙasashen da ke gasar a jikin takardar ƙunshe abinci a Ingila, har da ta Saudiyya mai kalmar shahada. Musulmi suka yi ƙorafi, dole aka janye. Ni a shagona ba na ɗora aya ko sunan Allah a kan abin da na san za a yar, ko mai kayan ya roƙa, kuma nakan gaya masa dalili a fili.

Matsalar kore ta biyu ita ce cunkoso. Tsaya a bakin kowane babban titi a Kano ka ƙirga: makarantun Islamiyya, masu maganin Musulunci, kamfanonin Hajji da Umara, masu sayar da taki da iri, ofisoshin gwamnati, Glo, OPay, Milo, ga WhatsApp a cikin kowace waya. In ka shigo da naka koren, ka zama ganye ɗaya a cikin kurmi. Aikin tambari shi ne a gane ka daga nesa ba tare da an karanta sunanka ba, kuma hakan yana wuya idan maƙwabtanka na dama da hagu launinku ɗaya.

Shuɗi kuma mutane da yawa sun ɗauke shi launin Turawa ne, na banki da kwamfuta. Ina jin zafin wannan fahimta, domin babu launin da ya kai shi zama namu. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau ana rini a cikinta da baba, wato ganyen da ke ba da shuni, da toka. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannen tufafin garin ke kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Rawanin ɗan Kura, wanda ake bugawa a mabuga har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, shi Buzaye ke naɗawa a Agadas, shuninsa na kama fatarsu har baƙi suka riƙa kiran su shuɗɗan mutane. Kafin kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, wannan launi dukiya ne da ake tafiyar wata da watanni a kan raƙumi dominsa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi, wato wurin rini, ya ga wani abin sha'awa: zanen yana fitowa daga ramin da ruwan kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. Launukan nan biyu da Hajiya da 'yarta ke jayayya a kansu, a marina ɗaya suke haɗuwa.

Sai dai shuɗi kala-kala ne, kuma kowanne da abin da yake tunawa mutum. Mai duhu, irin na baba da ya sha rini har tsofaffi ke ce masa baƙi, yana ɗauke da kwarjini da dattako. Irinsa ne a tambarin First Bank tare da ruwan zinariya. Mai haske irin na sararin sama yana tuna ruwa da sanyi, shi ya sa ledar fiya wata kusan duk da shi ake buga ta. Akwai kuma na tsakiya mai kaifi, wanda a idon matan gida launin wanki ne: bula da garin sabulu. Wannan na ƙarshe shi ya sa na ƙi goyon bayan 'yar Hajiya. Abinci shuɗi ba shi da yawa a duniya, a tukunyarmu kuwa babu shi sam. Madara da ruwa da gishiri suna iya zama a shuɗin mazubi, Peak ta daɗe da nuna hakan, domin farare ne masu son a ji sanyi da tsabta. Amma yaji a roba mai shuɗin bula, kafin mace ta karanta sunan zuciyarta ta riga ta aje shi a layin sabulu.

Ya zuwa nan maganar ma'ana ce. Abin da masu sana'a ba su cika sani ba, kuma shi ya fi cinye musu kuɗi, shi ne yadda launukan biyu ke yi bayan sun bar kwamfuta.

Fuskar waya da ta kwamfuta da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba ta iyawa. Koren nan mai ƙyalli da kake gani a waya, in an buga shi sai ya dushe ya koma kamar ganyen da ya kwana. Shuɗi mai kaifi kuma yakan karkata ya koma shunayya, domin ana haɗa shi ne da shuɗi mai haske da jan nan mai ruwan hoda, in jan ya yi yawa shi ke nan. Dabarar da masu bugu suka sani ita ce a bar tazarar kamar maki 30 tsakaninsu: in shuɗin 100 ne, kada jan ya wuce 70. A wannan mataki kowanne da haɗarinsa, kuma maganinsu ɗaya: kada ka amince da abin da aka turo maka a waya, ka ce a buga maka gwaji ƙarami a kan ainihin banar tallan ko sitikar da za a yi aikin da ita, ka fita da shi rana ka duba.

Inda suka rabu shi ne bayan wata shida a bakin titi. Ranar ƙasarmu ba ta cin tawada daidai wa daida. Rawaya da ja su ke fara koɗewa, shuɗi mai haske shi ke jurewa. Shi ya sa tsofaffin fostocin zaɓe da ke jikin gada duk suke komawa shuɗi-shuɗi, fuskokin 'yan takara kamar an tsoma su a bula. Yanzu ka duba abin da wannan ke nufi. Kore haɗin shuɗi da rawaya ne. In rawayar ta gudu, allonka ya tashi daga kore ya koma wani launi dabam da ba kai ka zaɓa ba. Shuɗi kuwa in jan da ke cikinsa ya koɗe, haske kawai zai ƙara, yana nan a danginsa. Ga wanda allonsa zai fuskanci yamma, rana ta doke shi daga azahar zuwa magariba, wannan kaɗai ya isa dalili. Tawada mai kyau da shafa leda mai kare rana suna jinkirta koɗewar, amma kuɗinsu daban ne, kuma araha ba ta ado.

Kore na da nasa ramuwar a lokacin hunturu. Ƙurar hazo fara-fara ce mai ja-ja, tana fitowa ɓaro-ɓaro a kan shuɗi mai duhu kamar yadda take yi a kan baƙar mota. Kore matsakaici ya fi ɓoye ta. In ka zaɓi shuɗin baba, ka sa a ranka yaron shago zai riƙa goge allon da jiƙaƙƙen tsumma a kai a kai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da dare ma kore ya fi. Idon ɗan Adam ya fi jin haske a tsakanin kore da rawaya, ƙwayoyin da ke kama shuɗi kuwa ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu ganin launi a ido ba. Harafin da aka yi da shuɗiyar fitila yakan yi dishi-dishi daga nesa, gefensa ya narke. Koriyar alamar da ke walƙiya a ƙofar kantin magani a Yamai ko Damagaram, wadda aka gada daga tsarin Faransa, ana hango ta tun daga ƙarshen layi.

Sai batun karantuwa, wanda shi ne ainihin aikin allo. Masu tsara shafukan intanet suna da ma'aunin bambanci tsakanin rubutu da bangon da yake kai, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Farin rubutu a kan shuɗi mai duhu yana haura 12. Farin rubutu a kan kore mai haske irin na WhatsApp bai wuce 2 ba. Ma'ana lambar wayarka, wadda dominta aka yi allon, mai wucewa a Adaidaita Sahu ba zai iya ɗaukar ta ba. In dole sai kore, a duhunta shi sosai a sa farin rubutu, ko a bar shi da haske a sa baƙi. Kuskuren da na fi gani, kuma ya fi ɓata min rai, shi ne jan rubutu a kan kore. Mutane na ganin kayan dogaran sarki, ja da kore, suna cewa ai sun dace. Sun dace a riga, inda kowane launi ke da faɗin ƙyalle nasa. A harafi kuwa gefunansu rawa suke yi a ido. Ƙari a kan haka akwai masu larurar rarrabe ja da kore, mafi yawansu maza. A tsakanin Turawa kusan namiji 1 cikin 12 ne, a Afirka adadin bai kai haka ba amma suna nan cikin masu sayenka, kuma da yawansu ba su ma san suna da ita ba. Mai Facebook, Mark Zuckerberg, yana cikinsu, kuma ya faɗa da bakinsa cewa shuɗi ne launin da ya fi gani sosai. Shuɗi da fari kusan kowa na rarrabe su.

Siyasa ma tana da hannu, ko ba ka gayyace ta ba. A Kano yau jar hula magana ce cikakkiya, kowa ya san Kwankwasiyya take nufi, don haka ja da fari a allon shago na iya sa a yi maka fassarar da ba ka nufa ba. Kore da fari da ja a jere PDP ne. Ƙara shuɗi mai haske a cikinsu ka koma APC. A Nijar ruwan hoda da jam'iyyar PNDS Tarayya aka san shi. 'Yan uwanmu na zango a Kumasi da Accra sun san shuɗi da ja da fari na NPP ne, kore da ja da baƙi da fari na NDC. Kore shi kaɗai ko shuɗi shi kaɗai ba su da laifi. Haɗin ne ke jawo magana, musamman a shekarar zaɓe. Masu zuwa Guangzhou sayo kaya kuma su riƙe wannan: a Sin, a ce namiji ya sa koriyar hula zagi ne, yana nufin matarsa na cin amanarsa. In za ka buga hulunan talla ka raba wa abokan cinikinka na can, kada su zama kore. A kasuwar hannun jarinsu ma ja ne alamar tashi, kore alamar faɗuwa, akasin yadda aka saba a Amurka da Ingila.

To wanne za a ɗauka? Ra'ayina a fili yake. In sana'arka ta shafi abin da ke fitowa daga ƙasa ko abin da ake ci, kamar hatsi, zogale, kuka, zuma, shayi, taki, maganin gargajiya, ko kuwa makaranta ce ta addini da gaske, kore haƙƙinka ne, kuma mai saye zai fahimce ka kafin ka yi magana. Amma ka ɗauki mai duhu, ka haɗa shi da launi na biyu da zai fitar da kai daga kurmin, kamar ruwan ƙasa, ruwan goro ko ruwan madara, kuma ka ware kuɗin sake bugun allon waje idan ya juya. In kuwa abin da kake sayarwa amana ce da ƙwarewa, kamar gyaran waya, harkar kuɗi, ɗinki, shadda da atamfa, sufuri, asibiti, ruwan sha, to shuɗi mai duhu ya fi maka: ya fi jure rana, ya fi karantuwa, kuma yana da asali a garin nan da za ka iya tinƙaho da shi. Wanda ya rasa inda ya faɗa a cikin biyun, ni shuɗin baba nake ba shi, saboda kuskure da shi ya fi sauƙin gyara.

Kafin ka yanke, yi abu ɗaya da ba ya cin ko sisi. Je ka tsaya a tsallaken titin da shagonka yake, ka ɗauki hoton layin gaba ɗaya, ka duba launin da ya fi yawa. Matashin nan mai gyaran waya da ya yi haka sai ya ga rumfunan cirar kuɗi uku a jere da shi, biyu da koren OPay, ɗaya da shuɗin Moniepoint mai haske. Muka ba shi shuɗi mai duhu ƙwarai da farin rubutu, lambar wayarsa da rawaya, manya-manyan haruffa, ba hoton waya ko ɗaya a jiki.

Hajiya kuwa na ce mata, "Ranki ya daɗe, kin fi 'yarki gaskiya a kan kore, amma ita ma tana da gaskiya cewa irin wanda kike so ya yi yawa a kasuwa." Muka cire jinjirin watan da ta so a sa, tunda robar a shara za ta ƙare. Muka ɗauki kore mai duhu irin na ganyen kuka, muka yi sunan da ruwan madara, muka bar taga a tsakiyar sitikar yadda jan yajin da kansa zai riƙa leƙowa ta jikin roba. Garin kunun kuma, da yake fari ne, shi muka ba wa 'yar: shuɗin baba da zanen dagi ƙarami a sama. Na buga musu gwaji biyu-biyu, na ce su manna ɗaya a jikin taga ta waje, ɗaya su aje a cikin ɗaki, su dawo min da su bayan sati uku mu gwada kafin a buga dubu.